Maganin daina al'ada: yadda ake barin tsarin wata-wata a koma tsarin kullum

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga matan da ke shan HRT, maganin nan da ke mayar wa jikin mace sinadaran da yake rasawa idan al'ada ta zo yankewa. Wata daga Argungu, wata daga Jega, wasu a nan cikin Birnin Kebbi, amma bakinsu ɗaya: "Zafin da ke taso mini ya kwanta, gumin dare ya tafi, barci ya dawo. To amma ga ni na ba hamsin baya ina ganin jini duk wata kamar budurwa. Sai yaushe ke nan?"

Ba har abada ba ne. Akwai tsarin da ake komawa wanda babu jinin wata a cikinsa, kuma canjin kansa bai wuce ki ƙare wannan kwalin ki buɗe wancan ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne lokacin da aka yi canjin, da maganin da aka ɗauko, da abin da mace ta yi game da jinin da ta gani daga baya. Su zan bi daki-daki. Likitarki ce za ta rubuta maganin. Nawa shi ne ki shiga ɗakinta kin san abin da za ki tambaya.

Abu ɗaya za ki riƙe kafin mu fara. Maganin sinadari biyu ne. Isturojin shi ke kwantar da zafi da gumi, amma yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi ta kauri. Furojestaron shi ke taka mata birki. Kamar ciyawa ce a fadama: tsarin wata-wata yana barinta ta fito, sannan ya nome ta sau ɗaya a wata, abin da aka nome kuwa shi ne jinin da kike gani, shi kuwa tsarin kullum ba ya barinta ta tsiro tun farko. Duk macen da mahaifarta ke nan ba ta shan isturojin shi kaɗai, domin shimfiɗar da aka bari tana ta kauri tana iya rikiɗewa ta zama ciwon daji.

1. Duba katin da ke hannunki

Mata da yawa ba su san tsarin da suke kai ba. Likita ya rubuta, mai kemis ya miƙo, shi ke nan. Ɗauko katin ki duba launin ƙwayoyin: idan launi biyu ne, kina tsarin wata-wata. Cyclo-Progynova ƙwaya 21 ce, 11 farare, 10 masu ruwan ƙasa, sai hutun kwana 7. Femoston 1/10 ƙwaya 28 ce, 14 farare, 14 masu ruwan toka, ba hutu. Femoston 2/10 kuma rabi ja ne rabi rawaya. Filastar Evorel Sequi, wadda ake mannawa a fata, guda 8 ce a kwali, 4 isturojin zalla, 4 masu haɗi. Akwai kuma waɗanda likita ya haɗa musu da kansa: isturojin kullum, ta ƙwaya ko filasta ko man shafawa, sai kafson Utrogestan ko ƙwayar Provera ko Duphaston na kwana 12 zuwa 14 a wata. Wannan ma wata-wata ne.

Ki rubuta sunan maganin, da lambar miligiram ɗin da ke jikinsa, da wata da shekarar da kika fara, da kuma ko al'adarki tana zuwa a lokacin ko ta riga ta ɗauke. Idan an taɓa cire miki mahaifa gaba ɗaya, wannan jagorar ba taki ba ce, amma ki sa likita ya duba takardar aikin, domin wani aikin ana barin bakin mahaifa.

Hattara: kuskuren da ya fi kowanne ba ni tsoro shi ne na wadda ta gano cewa ƙwayoyi masu launi na biyu su ke kawo jinin, sai ta riƙa shan fararen tana zubar da sauran. Jinin zai iya ɗaukewa, ta ce ta huta, alhali ta cire abin da ke kare mahaifarta ne. Idan kin yi haka, ko na wata biyu ne, ki faɗa wa likita ba ɓoye-ɓoye.

2. Tabbatar lokaci ya yi

Tsarin kullum na macen da gidan ƙwanta ya gama aiki ne, wato wadda ta shekara cur ba ta ga al'ada ba. Matsalar ita ce wadda ke tsarin wata-wata ba ta da hanyar sanin haka, tunda jinin da take gani na magani ne, zai ci gaba da zuwa ko da al'adar asali ta daɗe da tafiya. Gwajin jini na FSH ma, na auna ko al'ada ta yanke, wanda wasu ke kashe kuɗi a kansa, ba ya faɗin gaskiya ga mai shan HRT. Don haka likitoci shekaru suke dubawa da tsawon lokacin shan magani.

Idan kin kai 54, lokaci ya yi, domin a wannan shekarun kusan mata 8 cikin 10 al'adarsu ta yanke. Idan kin haura 45 kuma kin shekara 5 a tsarin wata-wata, shi ma lokaci ya yi ko da ba ki kai 54 ba, saboda kariyar da wannan tsarin ke ba mahaifa ba ta kai ta tsarin kullum ba idan shekaru suka yi nisa. Idan kuwa tun kafin ki fara maganin kin riga kin shekara ba al'ada, za ki iya canjawa ba tare da jiran komai ba. Tsakanin waɗannan akwai wadda ta yi shekara ɗaya ko biyu tana sha, ta haura 50, jinin watanta yana ta raguwa. Ita likita kan ce a gwada, da sharaɗin za a iya komawa baya.

Nan fa sai maganar shekaru ta gaskiya. Da yawa daga cikinmu ba mu da takardar haihuwa, wasu kuma shekarun da ke katin ɗan ƙasa ko fayil ɗin aiki ba su ne na ainihi ba. A ɗakin likita ki faɗi na ainihi. In ba ki san su ba, ki faɗi shekarun ɗanki na fari da kimanin shekarunki lokacin da kika haife shi, za a lissafa. Bambancin shekara 4 ko 5 yana iya sa a canja miki magani kafin lokacinsa.

Wadda al'adarta ta ɗauke da wuri, kafin 45 ko ma kafin 40, nata lissafin daban ne. Ana so ta ci gaba da HRT aƙalla har zuwa wajen shekara 51 don kare ƙashi da zuciya, lokacin canjin tsari kuma ita da likitanta za su tsayar.

Hattara: idan aka yi gaggawa alhali gidan ƙwai bai gama aiki ba, jini zai riƙa zuwa ba tsari, yau ɗigo gobe zuba, a yi ta kashe kuɗin hoton mahaifa ana tayar da hankali a banza. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Sannan HRT ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne, kowane tsari kike kai. Ana ci gaba da kariya har shekara 2 bayan al'adar ƙarshe ga wadda ba ta kai 50 ba, shekara 1 ga wadda ta haura, ko kuma har zuwa 55 idan ba a san ranar al'adar ƙarshen ba.

3. Zaɓi watan da ya dace

Wannan matakin ba za ki gan shi a takardar cikin kwali ba, amma a wurinmu yana da nauyi. Mata da dama suna neman canjin ne saboda sun biya kujerar Hajji ko Umara, ko azumi ya gabato, suna so a ce babu jini. Sai dai watanni 3 zuwa 6 na farkon tsarin kullum su ne lokacin ɗige-ɗigen da ba shi da rana. A tsarin wata-wata kin san ranar da jinin zai zo, za a iya lissafa ta da kwanakin ɗawafi. A sabon tsari ba ki sani ba. Shawarata, ki yi canjin wata 6 ko fiye kafin tafiya, in lokaci ya ƙure kuma ki bari sai kin dawo. Kada ki ƙara Primolut N, ƙwayar jinkirta al'ada, a kan maganinki don kin ji alhazai mata suna sha, sai likita ya duba, domin haɗa shi da isturojin na ƙwaya da doguwar tafiya a jirgi yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya.

Haka idan an sa miki ranar babbar tiyata. Ki bari a gama, kuma ki sanar da masu aikin kina shan HRT, don sau da yawa ana dakatar da na ƙwaya mako 4 zuwa 6 kafin ranar.

4. Ganin likita

Ki nemi sashen mata. A Birnin Kebbi akwai shi a asibitin tarayya, wanda har yanzu mutane ke kira FMC, da asibitin Sir Yahaya. Wadda ke Zuru ko Yauri ko Kamba ta fara da babban asibitin garinta, a auna abin da za a iya aunawa a ba ta takardar turawa, don kada ta sha hanya sau biyu. Abin da ya fi ƙarfin nan akan tura shi asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Ki daidaita ranar zuwanki da ƙarewar jinin wata, domin lokacin ne shimfiɗar mahaifa ta fi siranta, hoto ya fi faɗin gaskiya. Za a auna hawan jini da nauyi, a duba nono, a yi gwajin ciki idan akwai shakka, a duba bakin mahaifa idan kin daɗe ba ki yi ba. Hoton mahaifa ba dole ba ne ga kowa. Amma ki nemi a yi idan jininki ya taɓa zuwa ba a ranarsa ba, ko ya yi yawa, ko kin haura shekara 5 a tsarin, ko kina da ƙiba ko ciwon suga, ko kin taɓa tsallake furojestaron. Hoton da ake ɗauka ta gaba ya fi na saman ciki nuna kaurin shimfiɗar, kuma kina da damar cewa mace kike so ta yi miki. Ga mai tsarin wata-wata, kaurin milimita 7 ko ƙasa bayan jini ya kwantar da hankali. Ga mai tsarin kullum, milimita 4 ko ƙasa. Ki tambayi lambar, ki rubuta ta.

Akwai abubuwan da likita ba zai sani ba sai kin faɗa. Ciwon hanta, wanda ya yi yawa a cikinmu kuma mutum kan ɗauke shi shekaru bai sani ba. Sikila. Ƙari a mahaifa, wanda isturojin kan iya sa shi girma. Daskarewar jini a ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki, a gare ki ko a dangi na kusa. Ciwon dajin nono a uwa ko 'yar'uwa. Sai magunguna: maganin tarin fuka mai suna rifampicin, da na farfaɗiya irin carbamazepine da phenytoin, da wasu na cuta mai karya garkuwar jiki irin efavirenz, duk suna rage ƙarfin HRT a jiki, su jawo zubar jini. Maganin gargajiya da kayan mata ma ki ambata, musamman na matsi.

Maganar da bai kamata a tsallake ba ita ce ta nono. Tsarin kullum ya fi kare mahaifa, amma haɗarin ciwon dajin nono ya ɗan fi yawa a cikinsa. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019, a kan matan ƙasashen da suka ci gaba, ya nuna cewa idan mace ta fara a shekara 50 ta sha na shekara 5, ana samun ƙarin mutum 1 cikin 50 a tsarin kullum, 1 cikin 70 a tsarin wata-wata, tsawon shekara 20 masu zuwa. Bambancin ba mai girma ba ne, kuma ga yawancin mata bai isa hana canjin ba, amma haƙƙinki ne ki ji shi kafin ki amince.

Hattara: ba a canja tsari a kan jinin da ba a san dalilinsa ba. A fara bincike tukuna.

5. Zaɓen sabon magani

Ƙa'idar ita ce a bar isturojin yadda yake in yana yi miki aiki, a canja yadda ake ba da furojestaron kawai. Canja abu biyu a lokaci ɗaya yana sa a rasa wanda ya jawo matsala idan ta taso.

Mai shan Femoston 1/10 takan koma Femoston-conti 1/5, ƙwaya 28 masu launi ɗaya. Mai Evorel Sequi ta koma Evorel Conti. Mai Cyclo-Progynova, maganinta ba shi da ƙani mai suna ɗaya, sai dai a mayar da ita wani haɗin, kamar Kliofem mai miligiram 2 ko Kliovance mai miligiram 1, ko a raba mata: Progynova kullum da furojestaron kullum. Wadda ke shan Utrogestan miligiram 200 na kwana 12 ta koma miligiram 100 kowane dare. Mai Provera miligiram 10 ta koma 2.5 ko 5 kullum. Idan isturojin ɗinki mai ƙarfi ne, likita zai ɗaga furojestaron ɗin ya yi daidai da shi.

Akwai hanyar da nake ganin ba a cika faɗa wa mata ba: robar mahaifa mai sinadarin furojestaron, irin Mirena mai miligiram 52. Tana kare mahaifa tsawon shekara 5 ga mai shan HRT, tana hana ɗaukar ciki, tana rage jini, kuma ba ruwanta da ko al'ada ta yanke ko ba ta yanke ba. Ke dai isturojin kawai za ki ci gaba da shi. Ga wadda garinta ya yi nisa da famasi, ko mai mantuwa, ko wadda ba a tabbatar da shekarunta ba, ban ga abin da ya fi ta ba. Akwai kuma Livial, ƙwaya ɗaya ta miligiram 2.5 a rana, amma ba a ba wadda ta taɓa ciwon dajin nono, kuma tana ƙara haɗarin shanyewar jiki ga wadda ta haura 60.

Mai ƙiba, mai sikila, mai ciwon kai na ɓari ɗaya, da wadda ta doshi 60, su tambayi likita ko za a mayar da isturojin ɗinsu na fata, filasta ko man shafawa, domin shi ba ya ƙara haɗarin daskarewar jini kamar na haɗiya.

Hattara: robar mahaifa ta jan ƙarfe da robar da ake sawa a hannu ba sa kare shimfiɗar mahaifa daga isturojin. Kada ki ce ai kina da roba, sai kin tabbatar wace iri ce.

6. Lissafin kuɗi da sayen magani

Farashi yana tafiya da dala, na yau ba na gobe ba ne, don haka adadi za ki lissafa sannan ki tambayi kuɗin ɗaya. Kwalin kwana 28 guda 13 ake sha a shekara, ba 12 ba. Filasta 2 ce a mako, 104 a shekara. Mai Utrogestan tana shan kafso 24 na miligiram 100 a wata a tsohon tsari, a sabo kuma 28 a kwana 28, bambancin kafso 4 ne kacal. Robar mahaifa kuɗinta a dunƙule yake, amma in kin raba shi gida 60, wato watannin shekara 5, za ki ga inda sauƙi yake. Ki ƙara kuɗin kati da hoto da mota na zuwa biyu, na farko da na bayan wata 3. Ma'aikaciyar jiha ta tambayi KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, ta tarayya ta tambayi NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ko ganin likita da hoton suna cikin abin da ake biya mata.

Babban ƙalubale a Kebbi shi ne samun maganin a kai a kai. Kafin likita ya rubuta suna, ki leƙa famasi biyu ko uku ki tambayi wanne suke iya kawowa ba yankewa, ki dawo masa da amsar. Maganin da ya fi kyau a takarda ba shi da amfani idan sai an aika Kano ko Abuja duk wata. Kada ki fara sai kina da na wata 3 a hannu.

A gaban kanta ki buɗe kwalin ki duba: launi ɗaya ne? Sunan da lambar sun yi daidai da takardar likita? Akwai lambar NAFDAC? Yaushe zai lalace? Yaron kanti zai iya ce miki, "Hajiya, wannan ya ƙare, amma ga ɗan'uwansa, kamfani ɗaya ne." Ki ce masa, "A'a ɗana, kira mini mai famasin." Femoston 1/10 da Femoston-conti 1/5 kamfaninsu ɗaya, aikinsu daban.

Hattara: zafin Maris zuwa Mayu a nan yana haura digiri 40, magungunan nan kuwa ana so a ajiye su ƙasa da 25 ko 30, gwargwadon abin da aka rubuta a kwali. Kada ki bar su a mota ko bakin taga ko kicin. Ki nemi wuri mafi sanyi a uwar ɗaka, nesa da hannun jikoki.

7. Ranar canji

Ba a canjawa a tsakiyar kati. Ki ƙarasa zagayen da kike ciki.

Mai Femoston: idan kin sha ƙwaya ta 28 daren Alhamis, daren Juma'a a daidai wannan lokacin ki sha ta farko a sabon katin. Ba hutu, ko da jini ya fara. Mai Cyclo-Progynova: ki gama 21 ɗin, ki yi hutun kwana 7 kamar kullum, ranar da za ki buɗe sabon kati sai ki buɗe na sabon tsarin, daga nan kuma hutu ya ƙare har abada. Mai filasta: ki gama ta takwas, ranar canjin da kika saba ki manna Conti. Mai Utrogestan ko Provera: ki gama kwana 12 ɗinki, sannan ki fara ƙaramin adadin. Wasu likitoci kan ce washegari, wasu kan ce a bari jinin ya ɗauke. Duka biyun ana yi, ki bi wanda aka ce miki. Jinin wannan watan zai iya zuwa kamar yadda ya saba ko ya yi ƙasa da haka, ba abin damuwa ba ne.

Ki ɗaura shan maganin da abin da ba kya mantawa, kamar sallar Isha'i. Utrogestan yana sa barci da ɗan jiri, don haka lokacin kwanciya ake shansa, ba tare da abinci ba. A watan azumi ma haka, bayan abincin buɗa-baki ya faɗa. Filasta ana manna ta ƙasa da ƙugu, a ɗuwawu ko cinya, a busasshiyar fatar da ba a shafa wa mai ba, a danna da tafin hannu, a riƙa canja wuri. Ba a sa ta a nono ko kusa da shi. Wanka ba ya hana ta aiki. Idan gumi ya ɓamɓare ta, ki sa sabuwa amma ki riƙe ranar canjinki ta asali. Mai man shafawa ta shafa bayan wanka, a cinya ko saman dantse inda ruwan alwala ba ya kaiwa, ta bari ya bushe minti 5 kafin ta sa tufafi.

Hattara: idan kin manta ƙwaya kuma ba a yi awa 12 ba, ki sha. In an wuce, ki bar ta ki ci gaba da ta gaba, ba a haɗa biyu. A tsarin kullum, tsallake magani shi ne kan gaba wajen jawo ɗigon jini.

8. Wata shida na farko

Ki samu kalanda ko ƙaramin littafi. Ranar da kika ga ɗigo a kamfai ki sa ɗigo. Ranar da kika buƙaci audugar mata ki sa gicciye, ki rubuta guda nawa kika canja. Ranar da kika manta magani ki zagaye ta. Ranar saduwa da maigida, idan jini ya biyo baya, ki yi wata alamar da ke kaɗai kika gane. Wannan takardar ta fi duk wani bayanin baki amfani, domin "yana ɗan zuwa jefi-jefi" ba ya gaya wa likita komai, amma yana kallon shafin zai ga ko jinin raguwa yake yi ko ƙaruwa.

Ɗige-ɗige a watannin farko abu ne da aka sani. Abin da ake so a gani shi ne yana raguwa wata bayan wata har ya ɗauke. Nauyin nono, kumburin ciki, ciwon kai da saurin fushi su ma sukan zo su wuce cikin wata 3. Wasu matan jikinsu ba ya shiri da furojestaron na kullum, sai su ji ƙunci da kasala ba sa tafiya. Wannan ba ragwanci ba ne kuma ba na haƙuri ba ne, akwai wani irin da za a gwada.

Game da salla da azumi: ki ɗauki takardar nan ki je wurin malamarki ta Islamiyya ko malamin da kika amince da shi, ki faɗi shekarunki, da maganin da kike sha, da abin da likita ya ce game da asalin jinin. Bambanta haila da jinin cuta aikinsu ne, amma sai an ba su cikakken bayani. Kada ki yanke wa kanki hukunci ki ajiye salla wata da watanni saboda ɗigo.

Ki dakatar da duk wani abin matsi a wannan lokacin. Fatar gaba tana siranta bayan daina al'ada, abu kaɗan ke sa ta jini, sai a rasa daga ina jinin ya fito. Idan bushewa ce ke damunki, akwai isturojin na shafawa a gaba da ake haɗawa da HRT ba matsala.

9. Abin da ba a jira

Ki koma asibiti cikin kwanaki idan jinin ya yi yawa har kina canja auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko yana fita da gudaji, ko ya haura mako bai tsaya ba, ko yana biyo bayan saduwa. Haka idan bayan wata 3 da canjin ba alamar raguwa, ko ya kai wata 6 bai ɗauke ba, ko kuma ya ɗauke na watanni sannan ya dawo. Wannan na ƙarshen shi mata suka fi rainawa, suna cewa ai na maganin ne. Galibi ba wani mugun abu ake samu ba, amma ciwon dajin mahaifa da jini yake fara sallama, kuma wanda aka kama da wuri yana warkewa. Ƙullutu a nono ko ruwa daga kan nono shi ma ba a jiran ranar ganin likita.

Ki ajiye maganin ki tafi sashen gaggawa a ranar idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe numfashi yana sarƙewa, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko ido ya yi rawaya.

10. Komawa wurin likita

Bayan wata 3 ki koma da takardarki da kwalin maganin, ko da komai lafiya. Za a sake auna hawan jini a duba yadda jinin ke tafiya. Idan ana buƙatar bincike, hoto za a fara yi. Idan kaurin ya haura milimita 4, akan ɗebi ɗan samfuri daga cikin mahaifa da wani siririn bututu. Aikin 'yan mintoci ne, yana murɗa mara kamar ciwon al'ada, a ranar za ki koma gida.

Idan bincike ya fito lafiya amma jinin bai bari ba, hanyoyi suna nan: a ɗaga adadin furojestaron, a canja irinsa, a sa robar mahaifa, a rage isturojin, ko a mayar da ke tsarin wata-wata na wata 6 zuwa shekara sannan a sake gwadawa. Komawa baya yana nufin gidan ƙwanki bai gama aikinsa ba ne kawai.

Daga nan sai sau ɗaya a shekara: hawan jini, nauyi, nono, da tattauna ko har yanzu kina buƙatar adadin da kike sha. Duk ranar da za a yi miki hoton nono, ki gaya wa mai ɗauka kina kan HRT, domin maganin yana sa naman nono ya yi kauri a hoto, mai karantawa yana buƙatar sanin haka.